Na Gida Ne Ko Na Kasuwa? Abin Da Muka Gano A Cibiyar Binciken Teku Ta Legas

Jama'ar unguwa da dama sun tare mu, wasu a ƙofar masallaci bayan asuba, wasu a rumfa, suna tambaya wai me muka gano a Legas da ya sa tun dawowarmu muka sauya yadda muke ajiye kifi, har farashinmu ya ɗan ɗara na maƙwabta. Mun gaji da ba da amsa guntu-guntu. Shi ya sa da masu wannan mujalla suka nemi mu rubuta wani abu, muka ce to bari mu zauna mu faɗe shi gaba ɗaya, har da wurin da ba ya mana daɗin faɗi.

Kamar yadda aka sani, sana'armu kifi ce, kuma gado muka yi. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, banda yake kawowa daga Baga, ta Maiduguri da Damaturu da Potiskum da Bauchi har ta sauka Jos. A cikin ƙamshin hayaƙin nan muka buɗe ido. Tun ba mu sauke Alƙur'ani ba mun iya raba tarwaɗa da ramboshi, mun san ƙurungu da ƙashin bayansa, mun san karfasa da ragon ruwa da giwan ruwa. Muna da rumfa a babbar kasuwar Taminus har gobarar watan Fabrairu na 2002 ta cinye ta tare da dukiyar dubban mutane. Muka sake farawa daga ƙasa. Da hanyar Baga ta lalace saboda rashin tsaro, musamman bayan abin da ya faru a garin a Janairun 2015, sai muka koma sayen banda daga Yawuri da Ibi, muka kuma haɗa da kifin ƙanƙara, wato sukumbiya da shawa da kote, wanda muke saro shi daga Ijora a Legas. Shekara sama da 30 ke nan hannunmu bai rabu da kifi ba. In da an tambaye mu a lokacin, da mun ce babu wani abu game da kifi da ya rage mana mu koya.

Yayanmu ya rasu ya bar yaro ƙarami, mu muka riƙe shi, a gidanmu ya tashi, a rumfarmu ya yi wayo. Da ya gama sakandare burinmu ya karanci haɗa magunguna, ko ba komai a ce gidan ya fitar da wanda ba ya warin kifi. Sai Jami'ar Jos ta ba shi sashen ilmin dabbobi, can kuma ya karkata zuwa fannin kifi da halittun ruwa. Ranar da ya gaya mana, ba za mu manta abin da muka ce masa ba: "Kai da aka haifa a cikin kwandon banda, shi ne za ka je jami'a a koya maka kifi? Ai da ka zauna nan na koya maka kyauta." Yaron bai ce uffan ba, ya dai sunkuyar da kai. Shekara huɗu muna biyan kuɗin makaranta muna gunaguni. In abokai suka tambaya me ɗanmu yake karanta, sai mu ce kimiyya, mu yi sauri mu sauya magana.

Da ya gama, aka tura shi bautar ƙasa Legas, Allah kuma Ya sa aka ajiye shi a Cibiyar Binciken Teku da Halittun Cikinta ta Nijeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NIOMR, a tsibirin Biktoriya. Kullum in ya bugo waya sai ya ce, "Baffa, don Allah in ka zo sari ka biyo ka ga wurin aikinmu." Muna ce masa to. Mun je Legas ya fi sau 50, amma zuwanmu bai wuce tasha, ɗakin sanyi, masauki a Idi-Araba, sai komawa tasha. Tekun da kifinmu ke fitowa daga ciki ba mu taɓa tsayawa mun dube ta ba. Sai a hunturun da ya wuce, da maigidan da muke sari a wurinsa ya ce kaya ba za su fito ba sai bayan kwana biyu, muka ga ba mu da sauran uzuri.

Kafin mu baro Jos mun ɗaure wa yaron tsaraba: dankalin Turawa, ɗan acca, da tarwaɗa busasshiya guda 10 masu kyau a cikin kwali. A riƙe maganar kwalin nan, za mu dawo kanta.

Da safe muka hau mota zuwa Obalende, ya zo ya tarye mu, muka haye gada zuwa tsibirin. Muka bi wani babban titi mai sunan Sardauna, Ahmadu Bello, har muka karya wani layi da ke gangarawa bakin ruwa. Nan cibiyar take, kusa da kwalejin gwamnatin tarayya ta koyon kamun kifi da aikin jiragen ruwa. An kafa ta a 1975. Aikinta shi ne ta san abin da ke cikin tekun Nijeriya, wadda gaɓarta ta kai tsawon kusan kilomita 853 daga iyakar Binin zuwa ta Kamaru: wane kifi ne a ciki, nawa ne, yaushe yake haihuwa, nawa za a kama ba a ƙarar da shi ba, kuma yaya ruwan kansa yake cin ƙasa. Tana da jirgin bincike mai suna Bayagbona, sunan shugabanta na farko, tana kuma da rassa a wasu wurare, har da inda ake gwajin kiwon kifi.

Bakin ruwa ya fara kai mu, wurin da suke ɗaure jiragensu. Mu mutanen tudu ne, Jos tana bisa tsayin kusan mita 1,200 daga fuskar teku, babban ruwan da muka saba gani bai wuce dam ɗin Lamingo da kududdufan da masu haƙar kuza suka bari ba. Da muka ga jirgin dakon kaya yana wucewa ta gabanmu zai shiga Apapa, tsayinsa kamar an jera benaye a kan ruwa, sai muka ji bakinmu yana ta tasbihi ba mu sani ba.

Yaron ya nuna mana wani ginshiƙi, ya ce, "Baffa, dubi inda ruwa ya tsaya yanzu, ka riƙe wurin a ranka." Ya ce ruwan nan yana hawa yana sauka sau 2 a kowane yini da dare, tazarar kan kai kusan mita 1, kuma wata ne ke jan sa. Kullum lokacin hawansa yana jinkirta da kusan minti 50, daidai da yadda fitowar wata ke jinkirta. Ranar da wata ya kama da ranar da ya cika, a nan ruwan ya fi hawa ya kuma fi sauka. Muka yi shiru. Shekara nawa muna fita bayan magariba neman jinjirin wata, muna lissafin kwanakinsa don azumi da salla, ashe akwai wasu bayin Allah a nan da suke bin wannan watan da agogo da ma'auni, su ma da shi suke tsara fitarsu da shigarsu. Da za mu tafi da yamma muka sake duba ginshiƙin, wallahi ruwan ya bar inda muka bar shi.

Ya nuna mana kuma doguwar katangar duwatsu da ta miƙe cikin teku a bakin mashigar. Turawa suka gina ta tsakanin 1908 da 1912 don kada yashi ya toshe hanyar jirage. Hanyar ta buɗe, amma yashin da igiyar ruwa ke turowa daga yamma zuwa gabas ya daina isowa ɗaya gefen, sai teku ta shiga cin gaɓar tsibirin shekara da shekaru, har ruwa ya riƙa hawa titi. Daga baya aka cike wurin da yashi aka kafa sabuwar unguwar da ake kira Eko Atlantic. Muka ce masa, ashe ko a teku in ka tare wa wani rabonsa sai ta fito ta wani gefen. Ya yi dariya ya ce haka ne.

Azahar ta same mu a nan. A nan ne wani abu ya faru da ya taɓa mana zuciya. Shekara sama da 20 muna karantar da yara da magidanta babin tsarki, daga Ahalari zuwa Iziyya zuwa Risala. Sau nawa muka faɗa cewa ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, sau nawa muka kawo hadisin da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa na mutumin da ya yi tambaya a kan matafiya cikin teku masu ɗan guzurin ruwan sha. Muna faɗa ɗalibai suna gyaɗa kai, daga mu har su babu wanda ya taɓa ɗanɗana shi. Muka ce wa yaron ya samo mana na tekun sosai. Ya kawo a bokiti cikin wanda suka ɗebo daga can ciki don gwaji. Muka duba launinsa, muka shinshina, muka yi bisimilla. Da muka kai ga kurkurar baki sai da idonmu ya kawo ruwa. Gishiri ne ba na wasa ba. Ya ce a kowace lita 1, wato ledar fiya wata biyu, akwai gishiri kusan giram 35, kamar cokalin cin abinci biyu. Muka idar da alwala, muka yi salla. Gani ya kori ji.

Ya ƙara mana da cewa ruwan da ke bayan tsibirin, wanda doguwar gadar nan ta Legas ta ratsa, shi ba na teku ba ne zalla ba kuma na kogi ba. Da damina koguna irin su Ogun suna zubo masa ruwan daɗi har kainuwa ta rufe shi, da rani kuma gishiri ya shigo ya kashe kainuwar. Nan take ayoyin Suratul Furƙan da Suratur Rahman da suka yi zancen ruwa biyu, mai daɗi da mai zartsi, suka faɗo mana a rai. Ba mu ce ga tafsirinsu ba, wannan aikin manya ne. Mun dai ce wanda ya tsaya a wurin ya karanta su, ba zai karanta su kamar yadda ya saba ba.

Daga nan muka shiga ɗakin gwaje-gwaje. Wata babbar ma'aikaciya, Bayarabiya, ta gaishe mu da Hausa, ta ce a Arewa ta yi tata bautar ƙasar. Ta sa aka ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan teku a kan gilashi aka sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, aka ce mu leƙa. Jama'a, ɗigo ɗaya! Muka ga gari guda. Wasu kamar sarƙa, wasu kamar ƙwaryar da aka yi wa zane, wasu masu ƙafafu suna ta zillo. Yaron ya ce masu kama da tsiro a cikinsu, duk da ido ba ya ganin su, su ke samar da kusan rabin iskar da 'yan Adam ke shaƙa a duniya, kuma su ne abincin ƙananan halittu, ƙananan su ciyar da ƙananan kifi, har a kai kan babban da ke shiga tukunya. Muka ɗago kai muka ce, to yanzu da waɗannan duka muka yi alwala? Aka yi dariya. Muka ce ba komai, malamanmu sun riga sun gama wannan magana, halittar ruwa ba ta ɓata ruwa.

Akwai wani ɗaki kuma da aka jera kifaye cikin kwalabe, kowanne da sunansa da inda aka kamo shi. A nan girman kanmu ya fara sauka. Mu da muke cewa mun san kifi, a cikin abin da ke ɗakin nan ko kashi ɗaya cikin goma ba mu iya kiran sunansa ba. Yaron ya ɗauko wani ɗan farin dutse kamar ƙwayar masara ya sa mana a tafin hannu. Ya ce daga cikin kan kifin da mutanen Legas ke kira kuroka aka ciro shi, dutsen kunne ne. In aka yanka shi aka duba a madubi, akwai layi-layi a ciki kamar na kututturen itace, da su ake gane shekarun kifin. Mun fasa kan kifi ya fi a ƙirga, mun sha tauna irin wannan dutse mu tofar, ba mu taɓa sanin rajistar haihuwarsa muke tofarwa ba.

Muka ce, to sanin shekarun kifi me zai ƙara wa mutum? Ya ce da shi ake sanin girman da kifi ke kaiwa kafin ya fara ƙwai, da wannan kuma ake yanke faɗin idon koma. Dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana manyan jirage masu jan koma su yi kamu cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa, don a bar wa masu kwalekwale wurin, a kuma bar ƙananan kifi su girma. Idon komar kifi kada ya gaza milimita 76, na jatan lande kada ya gaza 44. Har wata ƙofa ake sa wa komar jatan lande don kunkurun teku in ya faɗa ya samu mafita. Muka tuna yadda a shekarun baya kwalin banda ke zuwa da manyan tarwaɗa, yanzu kuwa rabinsa 'yan ƙanana ne kamar yatsa, mu kuma muna saye muna murna da arha. Ashe 'ya'yan da ba su kai ga haihuwa ba muke sayarwa.

Sai ya ce, "Baffa, ka san sukumbiyar da kake sayarwa ba a tekun nan ake kama ta ba?" Mun san dai daga waje take zuwa, rubutun kwalin ma ya nuna, amma ba mu taɓa damuwa da ina ba. Ya nuna mana a taswira, can arewacin tekun Atlantika mai sanyi, wajen Nowe da Holan da Ayalan. Ya ce alƙaluman da hukumomi ke bayarwa sun nuna ƙasar nan tana buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce miliyan 1 da 'yan kai ba. Shi ya sa duk ranar da dala ta motsa, sai kwalin kifi ya motsa a Jos, mai abinci ta rage yanka, yaro ya ci tuwo da romo kawai.

A kan taswirar nan ya sa yatsa a Jos ya nuna mana wani abin da bai kamata a ce Bajashe bai sani ba. Ruwan saman da ke sauka a tudun nan namu rabuwa yake yi. Kogin Dilimi da ya ratsa ta bayan gidajenmu yana gangarawa arewa maso gabas, ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, ya nufi tafkin Chadi ta kogin Yobe. Kogin Kaduna ya taso daga wajen Vom ya faɗa Neja. Gongola ya taso daga gabashin tudun ya faɗa Binuwai. Neja da Binuwai su haɗu a Lokoja, su tafi teku. Wato bolar da muke zubawa a Dilimi tana bin hanyar ruwan da bandar mahaifinmu ke fitowa, abin da aka zubar ta ɗaya gefen kuma yana bin hanyar teku. Muka ce Allah mai iko.

To, yanzu mun zo kan kwalin.

Wuri na ƙarshe da ya kai mu shi ne sashen sarrafa kifi. Cibiyar ta ƙera wani murhun banda na ƙarfe, kamar kabad, mai faranti hawa-hawa. Gawayi yana can wurinsa daban, zafi ne ke ratsa kifin, harshen wuta ba ya taɓa shi, man da ke ɗiga kuma yana da inda yake taruwa. Kifin yana fitowa ja-ja-wur, a bushe ƙayau har cikin ƙashi. Ya yi mana bayani cewa baƙin hayaƙi mai yawa, balle in an haɗa da leda ko roba wajen hura wuta, yana barin wasu sinadarai a jikin kifi da ke iya jawo ciwon daji. Ya ce kuma ƙwaron nan da ke cinye mana banda ya mai da ita gari, damshi yake bi. Kifin da ya bushe sosai, aka ɗan sa masa gishiri, aka rufe shi da kyau, ba ya samun wurin zama a cikinsa da sauƙi.

Muna fitowa muka zauna a inuwa, muka miƙa masa tsarabarsa. Ya buɗe kwalin, ya ɗauki tarwaɗa ɗaya ya kai hanci, ya yi murmushi. Sannan ya dube mu, cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Baffa, wannan na gida ne ko na kasuwa?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da mun shige. Domin mun san abin da yake nufi, shi ma ya san mun sani. A rumfarmu ya tashi. Ya sha ganin yadda in kaya suka kwana biyu ƙwaro ya fara motsi, ake rufe ƙofa da yamma a kaɗa fiya-fiya a ruwa a yayyafa wa kwalaye. Ya kuma san akwai kwali ɗaya da kullum ake warewa a sa a sama, wanda ba a taɓa shi, shi ake kai wa gida. Ba mu kaɗai ke yi ba, kuma ba mu muka fara ba, amma wannan ba hujja ba ce, mu ne kuwa muka fi kowa sanin ba hujja ba ce.

Muka ce masa na gida ne. Ya ce, "Na sani, Baffa. Na ji ƙamshinsa." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Lokacin da nake jami'a, matar da nake cin abinci a wurinta a bakin titin Bauchi, a rumfarmu take sayen kifi. Shekara huɗu na kasuwa nake ci."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ta zargi ba. Da muka nemi bayani ne ya gaya mana cewa maganin nan guba ce da ke aiki a kan jijiyoyi, yadda take kashe ƙwaro haka take taɓa mutum, illa dai mutum ya fi girma. Mai yawa tana kawo amai da zawo da dalalar miyau da ƙuncin numfashi, har mutuwa. Kaɗan-kaɗan kuma ba a ganin aikinta a rana ɗaya, yara ƙanana da masu ciki su suka fi shiga haɗari. Wanki da ruwan zafi yana ragewa, amma ba lamuni ba ne. Ya ce akwai na'urorin da ke gano ragowarta a cikin abinci ko da hanci bai ji ba, kuma saboda irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Hukumar NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi a kan sa shi a abinci. Mun sha jin gargaɗin a rediyo. Mukan ce ai kowa na yi, kuma ba mu ga wanda ya faɗi ya mutu a gaban rumfa ba.

Daren nan a masauki barci bai zo ba. Mu ne muke tsayawa gaban jama'a muna kawo labarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji damshi a ƙasa, da irin maganar da ya gaya wa mai kayan. Mu ne muke karantar da cewa bai halatta baligi ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, kuma ɓoye aibin haja haramun ne. Wancan mai abincin damshi kawai ya ɓoye. Mu fa? Kuma ware kwalin gida da muke yi shi ne babban shaida a kanmu, don ya nuna mun san abin ba shi da kyau. Ga shi kuma wayon bai yi ba. 'Yarmu da ke aure a Rikkos ba kullum take aikowa gida karɓar kifi ba, a wurin masu talla take saye, masu tallan kuwa a wurinmu suke sari. Jikokinmu na kasuwa suke ci. Masu bin mu salla na kasuwa suke ci. Abincin da ake kawo mana na sadaka da na walima, da wane kifi aka dafa shi?

Da muka dawo Jos abin da muka fara yi shi ne fitar da kwalaben daga rumfa. Kwali 6 da aka riga aka yayyafa wa muka haƙa rami muka binne, ba mu ba kowa ba, ba mu kuma zuba a Dilimi ba. Yaron ya turo mana zane ta waya, muka kai wa wani mai walda ya haɗa mana murhu da durom biyu da raga hawa uku. Bai kai nasu kyau ba, amma yana aiki. Yanzu duk kayan da suka sauka sai mun sake gasa su a kan gawayi har su bushe sosai, mu bar su su huce, mu ɗaure a leda mai kauri, mu ɗora a kan katako nesa da ƙasa. Duk bayan kwanaki muna buɗewa mu duba, wanda ya fara laushi ya koma wuta. Mun rage yawan sari, gara kaya su ƙare mu sake aikawa da su zauna wata biyu. Mun kuma gaya wa masu aiko mana daga bakin ruwa cewa duk kwalin da muka ji warin magani a jikinsa zai koma, kuma mun mayar da biyu, har ɗaya daga cikinsu ya yi fushi ya daina aiko mana.

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai asara. Gawayi kuɗi ne, kifin da ya bushe sosai yana raguwa a ido, ƙwaro kuma bai daina cin rabonsa gaba ɗaya ba. Ribarmu ta ragu, wasu masu saye sun koma inda ya fi arha. Da muka yi maganar a masallaci bayan sallar asuba, ba mu kira sunan kowa ba sai namu, amma duk da haka wasu abokan sana'a sun ji haushi, har aka ce Liman ya je Legas yaro ya juya masa kai. Ba mu ji zafi ba, don da gaskiyarsu, yaron ne ya juya shi. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne a wurare da yawa. Amma yaron da ya leƙa madubin nan ya ga abin da mu ko mun hau dutsen Shere ba za mu gani ba. Alhamdu lillahi, zuwa yanzu mutum uku a layinmu sun zo sun duba murhun, biyu sun sa an yi musu.

Ga iyayenmu mata masu cefane, shawararmu ita ce ku riƙa shinshina kifi kafin ku biya. Bandar kirki ƙamshin hayaƙi take yi. In kun ji wani wari mai hawa kai kamar na kananzir ko na maganin sauro, ku ajiye. Ku tambayi mai kayan kai tsaye, kunya ba ta kai lafiyar 'ya'yanku ba. Ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, masu kifi da masu wake da masu hatsi, ba mu fi ku ba, mun ma fi ku laifi tunda mun fi ku sanin hukuncin. Ƙofar rumfarmu a buɗe take ga duk mai son ganin yadda murhun yake, ba ma karɓar ko sisi.

Ga iyaye kuma, in yaro ya zo ya ce zai karanci kifi, ko ƙasa, ko ƙwari, ko ruwa, kada a yi masa irin dariyar da muka yi. Nan kusa da mu a Panyam, cikin ƙaramar hukumar Mangu, akwai gonar kifi tun zamanin Turawa, ga kududdufan kuza birjik a tudun nan, ga jama'a na neman kifi. Wa zai yi aikin in namu ba su karanta ba?

Ranar da za mu baro Legas yaron ya rako mu tasha. Muka riƙe hannunsa muka ce masa ya yafe mana maganar da muka gaya masa shekarun baya. Ya ce, "Haba Baffa, ai kai ka biya kuɗin karatun." Yanzu yana neman gurbin digiri na biyu, kuma in aka tambaye mu me yake karanta, muna cewa kifi, da ƙarfi.

Kwalin saman nan kuwa mun sauke shi. Wanda za a kai gida, daga cikin na kasuwa ake ɗiba. Allah Ya yafe mana abin da ya wuce, Ya ba waɗanda muka cutar ba su sani ba lafiya da haƙurin yafe mana, Ya sa mu ci halal mu ciyar da halal, Ya zaunar da garinmu lafiya. Wassalamu alaikum.